Muguwar Iskar da Na Rubuta

Ƙarfe goma da kwata na safiyar Asabar na kafa takardar a ƙofar shagon kawuna, a unguwar Kol Kam ta Inugu, kuma daga nan abin ya fara karkacewa.

A shagon ake wanke huluna da kwat-kwat na akawunan ma'aikatar kwal. Ba ruwa ake sa musu ba, wani mai ne fari kamar ruwa, benzin, da ke cikin durom a lungu. Ma'aikata huɗu ne, kullum suna kukan jiri da ciwon kai. Da duba-gari ya kawo gargaɗi da Turanci, Kawu ya miƙo mini in fassara, ni 'yar makarantar da ko gaisuwa sai an matso ake ji.

Murna kamar in tashi sama. Kwana uku ina juya shi zuwa ajami, ina gogewa ina sakewa. Kalma ɗaya ta gagare ni, sunan abin da ke tashi daga man a shaƙa. Na rubuta: "Akwai muguwar iska a durom ɗin nan. Tana ƙarar da jini."

Na je gida na dawo don in ji yabo. Na tarar an rufe tagogi ruf. Baba mai guga, dattijon shagon, ya ɗebo garwashi daga dutsen gugarsa a tsakar gida, ya zuba a kasko, ya barbaɗa tazargade, ya nufi durom yana addu'a.

"Baba, tsaya."

Bai ji ba. Na sha gabansa na riƙe kaskon da hannu biyu, yatsuna na ƙuna.

"Wuta zai kama, Baba. Duk za mu ƙone."

"Ba ke kika ce da iska a ciki ba? Dama na faɗa, jirin nan ba na lafiya ba ne."

"Ba aljani nake nufi ba. Ta shaƙa."

Wani daga ciki ya ce, "Malama ta ɗora mana aljani, ta dawo saukewa." Aka yi ta dariya ana buɗe tagogi.

Na zare takardar, na tambayi Baba abin da ya kamata in sa. Ya kashe garwashin da ruwan buta, ya daɗe yana duban durom ɗin.

"Rubuta wari, 'yata. Mai kashewa, mai kama wuta. Wari kowa ya san taga ake buɗe masa."