Fiyanon abokina da ledar da aka naɗe shi da ita

Shekarun baya, wata Asabar da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, muna zaune a ɗakin abokina a unguwar Agege, Legas: ni, shi, da matarsa a bakin ƙofa. Sana'arsa kaɗa fiyano mai aiki da lantarki a wuraren biki. Ni kuwa gyaran rediyo nake yi.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi damina guda. Da ya fara samun sauƙi, ya sa aka sauko masa da fiyanon. Ya danna maɓallan tsakiya da hannun dama, shiru. Ni da na danna, sai suka yi ƙara. Ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Ka gani ko, mutumina? Hannun ne ya mutu. Ka nemo mai saye."

Ban iya lallashi ba, matata ma shaida ce. Abin da na iya shi ne bin abu daki-daki. Na ce ya ba ni zuwa magariba.

Da farko na duba waya da wuta, lafiya lau. Sannan na bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, duk suka amsa. Na sake bin su a hankali, kamar mai taɓa jariri. A nan na tsakiyan suka yi shiru a hannuna ni ma.

Na tambayi matarsa inda ta ajiye shi. Ta ce ta naɗe shi da leda ruɓi biyu, ta ɗaure tam, yadda ake yi a gida Arewa saboda ƙura. Ba ta yi laifi ba. Sai dai Legas ba ƙura ke kashe kaya ba, laima ce, kuma leda riƙe ta take yi.

Na kwance bayan fiyanon. A ƙarƙashin maɓallan akwai roba mai baƙaƙen ɗigo, su ke taɓa allon wuta idan an danna. Duk sun yi danƙo, allon ya fara kore, shi ya sa ba sa amsawa sai an danna da ƙarfi. Na goge su da auduga da sifirit, ruwan goge kayan wuta, na jira suka bushe, na mayar.

Na tura masa. Ya ce in fara. Na ce a'a, ba hannuna ake tuhuma ba.

Ya ɗora yatsa guda a hankali. Sautin ya fito, siriri, amma ya fito. Matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi kuwa ya ci gaba da dannawa har aka kira salla.

Hannun bai koma kamar da ba, amma ya koma kaɗawa a biki, kuma da shi ya ciyar da gidansa har Allah ya karɓi ransa. Har yau nakan tuna cewa saura kaɗan in sayar da fiyanon nan don ya roƙe ni.

Idan kana da majinyacin da ya fara cewa shi ya ƙare, kada ka yi saurin yarda. Je ka duba abin da ke hannunsa tukuna. Abokina kuma, ka sa shi a addu'a.