Gishiri a Rijiyar Kurmi

Sati uku ina riƙe da mutuwar ƙanena a ciki ban gaya wa Inna ba. Abokin tafiyarsa ne ya kira ni daga Libiya, ina tsaka da wanke-wanke a gidana na Bacirawa, ya ce kwalekwalen robar da autanmu ya shiga ya kife a Bahar Rum, ko takalminsa ba a gani ba. Inna kuwa hawan jini ya riga ya cinye mata rabin gani, likita ya ce a kiyaye abin da zai shiga kunnenta. Kawunnanmu suka ce a bari sai bayan girbi. Na yarda, kuma wallahi tsoro ne ya sa na yarda, ba wani hankali ba.

Wata Asabar na je ƙauyenmu, can gaba da Minjibir, na tarar ta yafa mayafi tana jirana a zaure.

“Ke wannan, raka ni kurmi.” Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba.

Raina ya ɓaci. Na ce, “Haba Inna! Da sallarki da azuminki?” Ta ce roƙo dai Allah ake wa, ita leƙa ruwa kawai za ta yi. Ta miƙo mini hannu, ban ga hanyar ƙi ba.

A wajenmu ba a bar wa ƙasa hutu. Gero da dawa da gyaɗa sun bi ko'ina har gindin katanga, mutum biyu kan yi shekara ba sa gaisawa a kan kunyar gona ɗaya. Amma kurmin nan ba wanda ya taɓa sa masa gatari. Akwai allon hukuma a bakinsa, tsatsa ta cinye rubutun, sai dai ba allon ke tsare shi ba. Ko busasshen kara ba a fitowa da shi daga ciki. A tsakiyarsa akwai wata rijiya da ba a san wanda ya haƙa ba, tsofaffi sun ce ta ƙarƙashin ƙasa take haɗe da teku. Tun zamanin da ake zuwa Makka a ƙafa a tsallaka Bahar Maliya, duk wadda nata ya hau ruwa aka ji shiru, sai ta je ta ɗanɗana. In ruwan daɗi ne, yana raye. In gishiri ne, a shimfiɗa tabarmar makoki. Ni malamar makaranta ce, na sha gaya wa yara cewa kanwa ce a ƙasar wajen.

Da hantsi muka shiga. Tsohon da ke gadin wajen yana zaune a gindin tsamiya, na ce, “Baba, barka da hutawa.” Ya amsa, ya nuna takalmanmu, muka cire. Taku goma kawai rana ta ɓace. Maɗaci da kanya da ƙirya sun haɗe kai a sama, wasu jijiyoyinsu sun fi cinyata kauri, ganye ya taru a ƙasa har idon sawu, ga sanyi kamar cikin randa. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shirun ne. A waje ana ta kaɗa gwangwani ana korar tsuntsaye daga gero, a nan ko kurciya ɗaya ba ta kuka. Sai wani ƙarni da ya tare mu, irin na teburin mai ɗanyen kifi, a wajen da kogi mafi kusa sai an hau mota.

Rijiyar ba ta da baki na gini. Rami ne mai faɗi tsakanin jijiyoyin wani ɓaure, ana sauka da matakai na laka. Na zaunar da Inna a sama, don ƙafarta ba za ta iya ba. Ta ce, “Jininku ɗaya, bakinki ma ya isa.”

Na sauka ina tsaki a raina. A jikin lakar na ga jiƙaƙƙen zobe, kamu ɗaya sama da ruwan, kamar yanzu ya ja baya. Ba guga, ba sawun dabba. Ina tsugune ruwan ya ɗago a hankali ya taɓa mini yatsun ƙafa, ya koma, ya sake dawowa. Iska ba ta kaɗawa. Na yi a'uziyya, na ɗebo da tafin hannu na kai baki.

Gishiri ne. Na san kanwa, da ita na girma, wannan ba ita ba ce. Har harshena ya ƙone. Na tofar a hankali gefe guda, na goge bakina da mayafi, na gyara murya.

“Ruwan daɗi ne, Inna. Garau.”

Ta ce, “To, alhamdulillahi.” Ta miƙe ta kama hannuna. Har na ji wani sauƙi, Allah ya yafe mini, ina ganin na yi dabara.

Muka fito rana, muka sa takalmanmu. Muna cikin gonar gyaɗa ta tsaya, ta saki hannuna.

“Tun daga gida muke tafe a rana, kina ta ƙorafin ƙishirwa,” in ji ta. “Wanda ya ji ruwan daɗi haɗiyewa yake yi. Idona ne ya mutu, kunnena yana nan. Na ji kin tofar.”

Na buɗe baki zan kawo zancen kanwa, kuka ya riga ni.

“Tun yaushe?”

Na ce, “Sati uku, Inna.”

Ta yi salati sau ɗaya, ta gyara mayafinta. Ta ce, “Sati uku yaron nan yana cikin ruwa ba wanda ya ce Allah ya ji ƙansa. Wuce gaba, ki fito da tabarmi.”