Jijjigar Motar Yaya

Shekarar da damina ta yaudare mu, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, ita ce shekarar da Yaya ya dawo Matameye da mota. Ya daɗe yana cin rani a Legas, har ranin ya cinye damina, muna ganinsa daga Salla sai Salla. Motar kat-kat ce, irin mai ratsa yashi, doguwa, ta sha hannu kafin ta zo nasa. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ba a sa mata giya, ita ke sa wa kanta. Yaya ya ce zai riƙa jigilar fasinja zuwa Damagaram, in abin ya karɓe shi ya bar tafiya kudu ke nan.

Innarmu kuwa na ga ta sa an gyara masa ɗakin da ta mayar na ajiyar harawa. Maza na ta ficewa daga unguwa saboda fari, ita kuwa nata ɗan ya dawo. Ni lokacin ina sarin atamfa a Damagaram, don haka kusan duk tafiya da ni ake yi, kuma ban taɓa biya ba, ko da yake yana yi mini gori.

Sojoji ne ke mulki, kuma a bakin gari akwai shinge. Kowace mota sai ta tsaya, a duba takardu, a leƙa fuskoki, sannan a ɗaga igiya. Gaba kaɗan da shingen, a hanyar Kance, akwai wata tsohuwar kuka da tun muna yara ake hana mu zuwa gindinta, wai tana da masu ita. To daidai wannan kukar motar Yaya ta fara rawa. Ba wata babbar rawa ba ce, jijjiga ce ke tasowa daga ƙarƙashin kujera kamar ana tankaɗe, ta ɗan jima ta bari. Ranar farko muka ce hanya ce. Da abin ya maimaita a wuri ɗaya, sai wata Hajiya mai sayar da kayan ƙamshi ta yi salati, ta ce a sauke ta a Kance.

Matan kasuwa su ne rabin fasinjan Yaya, kuma bakinsu ya fi rediyo saurin kai labari. Aka ce mutanen ɓoye ba sa son motar. Aka ce ai dama motar da ke sa wa kanta giya akwai wanda ke sa mata. Na yi faɗa da mata har muryata ta dushe, amma gaskiya ni ma in mun doshi kukar addu'a nake yi a ciki. Yaya ya sauya tayu, makaniken garinmu ya sauya buji, wato fulogi, wani Malam ya ba da rubutu aka yayyafa. Motar ta ci gaba da abinta. A tasha sai ka ga mutane sun cushe a tsohuwar akwala kamar buhunan albasa, Yaya na zaune shi kaɗai a cikin tasa. Ya fara cewa in wata ya ƙare a haka zai sayar ya koma Legas. Inna ta ji, ta rage cin abinci.

A Damagaram aka kwatanta mana wani makanike da ya yi aiki a Kano, ya saba da irin waɗannan motoci. Ya saurari labarin kuka bai yi dariya ba, sai dai ya tambayi nisan da ke tsakanin shingen da itacen. Ya karɓi tuƙi ya kai mu wata hanya da ba kuka ba kabari, ya tsaya cak, ya tashi a hankali kamar wanda sojoji suka sallama. Gudu na kaiwa wani matsayi, jijjigar ta zo. Ya ɗan taɓa birki da ƙafar hagu ba tare da ya saki totur ba, ta ɗauke nan take. Ya sake yi, haka.

Ya yi mana bayani cewa a cikin akwatin giyar, wanda suke kira bwat, akwai wani faranti da ke kamawa in mota ta daidaita gudu, kuma in man ciki ya tsufa sai ya riƙa kamawa yana zamewa. Taɓa birki na sa ya saki, shi ya sa rawar ta tsaya. Daga shinge zuwa kuka kuwa shi ne daidai nisan da motar ke kai wannan gudun. Ya zaro ma'aunin mai ya goga a farin tsumma. Man da ya kamata ya zama ja ya yi baƙi kamar ruwan jiƙo, yana ƙauri. Ya tsiyaye shi, ya sauya matatar man, ya zuba sabo, ya ce a yi ta tafiya a dawo a sake, don tsohon ba ya fita gaba ɗaya a karo guda. Bayan zuwa na ƙarshe muka wuce kukar lafiya lau, na yi guɗa ni kaɗai a bayan mota.

Sai dai gyaran mota daban, gyaran suna daban. Na bi gida-gida ina bayanin mai da faranti, matan suna gyaɗa kai suna cewa ai masu kukar sun yi lamo ne. Ba wadda ta dawo. Haushi ya ishe ni, tausayin Yaya ya fi haushin. Wani dillali ya zo ya zagaya motar yana bubbuga ta, Yaya kuma ya aika a gyara masa zip ɗin jakarsa.

Ranar kasuwa da hantsi sai ga Inna a tasha, da zanen da take sawa in za ta biki. Matar da ko amalanke ta hau sai ta yi amai. Ta gaisa da matan ɗaya bayan ɗaya, da suna, ba gaggawa, sannan ta buɗe ƙofar gaba ta zauna. Yaya ya durƙusa ya tambaye ta me za ta yi a Damagaram.

“Ganin gari,” ta ce. “Tada mota.”

Mata biyu sa'o'inta suka ji kunya suka shigo. Ni na zauna a bayanta. Muna barin shinge ta miƙo hannu ta baya ta kama nawa, ta matse har zobena ya shiga nama. Idonta a rufe, leɓenta na motsi. Ba ta sake ni ba sai da muka shiga Kance.

A Damagaram ta sauka ta yi amai a bayan tasha, ina zuba mata ruwa. Na ce, “Inna, ai kin ga dai mai ne, ba komai a wurin.”

Ta kurkure baki ta dube ni. “Ke da manki. Suna nan, na sani. Amma gara su taɓa ni da ya tafi. Kada ki faɗa masa.”

Sannu a hankali matan suka dawo, kuma Yaya bai sayar ba. Amma kafin su dawo an ɗauki makonni, kuma duk waɗannan makonnin, kowace safiya, Inna ce ke fara shiga motar.