Bawan Buba

Wata Laraba ce bayan an gama yankan hatsi, a shekarar da na shiga aji biyar a lakwal, wato makarantar bokon Gangara. Mushe, malaminmu, ya zana Afirka a allo, ya ja kibau da alli daga wajen iyakar Najeriya da Kamaru zuwa kudu. Ya ce hanyar mutanen da ake kira Bantu ke nan, sun yi ta ƙaura tun ba a san rubutu ba, kuma da kalmomin bakinsu aka gane inda suka bi. Sai ya kakkaɓe hannu, ya ce kowa ya tambayo a gida daga ina kakanninsa suka zo.

Tun a hanya nake tunanin amsar da zan kai masa. A garinmu kowa na da abokin wasa. Fulani da Barebari ba sa haɗuwa a bakin rijiya sai ka ji "bawana" ana ta dariya. Amma kakata Iya, wadda ta riƙe ni, ban taɓa ganin an tsokane ta ba. Mai tallar nono ma rusunawa take ta gaishe ta, ta wuce ta tsokani maƙwabciyarmu. Tsagar fuskar Iya ba irin ta kowa ba ce, kuma in ta gaji da daka takan nemi ruwa da wani suna da ban sake ji a bakin kowa ba. Na same ta tana sussuka, na gaya mata tambayar Mushe. Ba ta ɗago ba. "Ka ce masa daga bayan raƙumi aka sauke ni. Miƙo min faifai." Ko yara sun san baiwa ake kiran wadda aka sauke daga raƙumi babu iyayenta, kuma wannan kiran ba na dariya ba ne.

Da ranar ta zo, wannan ya ce Katsina, wancan Agadas, wani Borno. Na miƙe, na ce ba mu sani ba. Na ga wasu sun fara haɗa ido. Sai Buba, ɗan Fulanin da ke zama bayana, ya ɗaga murya: "Mushe, rabu da shi! Babarbare ne, dubi ƙeyarsa. Bawana ne, da ƙwaryar nono na saye shi, ita ma rabi ruwa." Aka fashe da dariya, har Mushe. Da ƙyar na iya ce wa Buba mai bin wutsiyar saniya. Daga ranar na zama Babarbare, ba wanda ya sake tambaya.

Yanzu na yi karatu daidai gwargwado, na ji an ce ana iya gane asalin mutum da yawun bakinsa. Ban gwada ba, wataƙila tsoro ne. Iya ta rasu da abin da ta sani, Buba kuwa fari ya kora su yamma da sauran shanunsu, ban sake jin ɗuriyarsa ba. 'Ya'yana dai suna tsokanar Fulani hankali kwance, ba su san asalin nasu kyauta aka ba ni shi ba.