Ranar da Barakatu Ta Yi Gudu

Duk wanda ya san Kwanar Dangora a wajajen 1998 ya san rumfar Surajo mai gyaran rediyo. Mutum ne mai cika baki, wanda tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa jin ya ce "ban iya ba". Aikinsa hanya ɗaya ce: ya kwance, ya wanke da fetur, ya shanya a rana, ya gasa ƙarfe a garwashi ya liƙa da dalma. Kuma tsakani da Allah, rediyo na tashi.

Abin da ya gagare shi ɗaya ne, ƙafafun 'yarsa Barakatu, waɗanda shan-inna ya shanye tun tana goye. Kullum tana kan tabarma a bakin rumfa, tana kallon sa'o'inta suna guje-guje.

Wani injiniya mai aikin ruwa a Tiga, da zai bar aiki, ya ba shi kyautar tsohuwar kwamfuta, irin wadda ake ɗorawa a cinya. Barakatu ta tono wasan tseren mota a ciki. Sai dai motar ba ta gudu, ta ɗan ja jiki ta tsaya, ta ja ta tsaya.

"Baba, ita ma irina ce," in ji ta, tana dariya.

Dariyar nan ta soke shi har zuci. Ya tafi Kano, shagon wani Dikko mai sayar da kwamfuta, ya yi bayani. Dikko ya ce memori ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya yi mata kaɗan, ya kawo ta a duba irin wanda zai shiga. Ina! Surajo ne za a sa wa abu a inji? Ya sayi ɗaya ya dawo.

Memorin ya ƙi shiga gurbinsa. Gogan naka ya wanke da fetur, ya shanya, ya hura garwashi, ya liƙe shi da dalma. Yana kunnawa hayaƙi ya tashi, shi ke nan.

Barakatu ba ta yi kuka ba, ta dai koma kallon titi. Da ma kukan ta yi, da ya fi masa sauƙi. Kwana uku yana fama da kwamfutar, a na huɗu ya zauna gefen tabarmarta.

"Uwata, ni na kashe miki ita. Ban iya ba."

Ya sa babur ɗinsa a kasuwa don ya saya mata wata. Matarsa Kulu ta riƙe haɓa. "Malam, da me za ka riƙa cin kasuwar Kiru?"

"Da ƙafa. Ni ai ina da su."

Suka hau bas, ya goya yarinyar har cikin shagon Dikko. Can ma halin bai bar shi ba, ya shiga ɗaga kwamfutoci yana neman mai nauyi, yadda yake zaɓen rediyo.

"Malam, ba a nauyi take ba," in ji Dikko. "Ku bar mai wasan ta gwada."

Ta gwada uku. Ta tsaya a kan wata mai tsagaggen murfi, amma hotonta mai kala ne, tar. Ta danna, mota ta cilla, bishiyoyi na wucewa fuu.

"Baba, kalli! Gudu nake! Wallahi gudu nake!"

Surajo ya tsaya yana kallon ta. Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.