Ranar da na'ura ta ƙi yatsan Malam Sabo

Sau biyar Malam Sabo yana dangwala yatsa, na'urar tantance ma'aikata tana ƙi. Maganin ciwon dajin da yake sha ya shafe masa zanen yatsu. Kuma an ce duk wanda bai dangwala ba, aikinsa da inshorar lafiyarsa sun tafi.

Jami'in ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, na'ura ba ta san ka ba."

Ina bayansa a layi. Na zura hannuwana a aljihu na ce, "Shekara ashirin muna koyarwa tare a Yako. In ba ta san shi ba, ni ma ba zan dangwala ba."

Sauran malamai duk suka zura nasu.

Kafin azahar an nemo takarda ya sa hannu.

Jama'a ku faɗa mini, mara lafiya da jinya zai ji, ko da tabbatar wa na'ura yana raye?