Ranar da Mai Jego Ta Tare Bokiti

Da na haifi 'yata ta fari ban je wankan gida ba, domin babu wadda zan je wajenta. Inna ta rasu ina da ƙaramin ciki. Abin da ya rage mini nata shi ne kabad ɗin jera kwanuka, wanda wani kafinta Ibo ya haɗa mata a Sabon Gari tun muna yara. Ja ne mai duhu, ƙofofinsa na sheƙi, a jikinsu na koyi ɗaurin ɗankwali.

Kabad ɗin ba katako ne zalla ba. Fallen katako ne mai kyau, siriri kamar ɓawon albasa, aka liƙa a sama da gam, aka fesa masa mai sheƙi. Idan ruwa ya shiga ƙarƙashi sai fallen ya kumbura ya ɗaye, kuma ba ya komawa. Shi ya sa Inna ba ta taɓa kai masa sabulu ba. Tsohon ƙyallen auduga mai laushi take ɗan jiƙawa, ta matse shi sosai, ta bi layin katakon a hankali, nan take ta bi da busasshe.

Ana gobe suna dangin mijina suka cika gidanmu na Fagge don gyaran ɗaki. Jagorarsu Goggo ce, ƙanwar mahaifinsa, wadda a wurinta duk abin da bai sha kumfa da soson ƙarfe ba, bai wanku ba. Ni kuwa mai jego, kuma haihuwar fari, aikina in sunkuyar da kai in sha kunun kanwa. Ko ɗakin za su kife, kunya ta ce kada in ce uffan.

Ina kallo suka wanke leda, suka dirje tagogi. Sai na ga Goggo ta jawo bokiti yana ta kumfa, ta nufi kabad. Ban san lokacin da na ajiye jaririya na sha gabanta ba.

"Goggo, don Allah ban da wannan."

"Ban da wanne? Matsa, 'yar nan, baƙi za su zo gobe."

"Ba a sa masa ruwa. Ni zan goge."

Goggo ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Yau mai jego ce ke koya mana tsafta? Katako ne fa, ba mutum ba."

Ban matsa ba. Na ce, "Na Innata ne, Goggo. Sai dai ki fara zuba mini ruwan."

Ta dire bokitin har ya fantsama a zanina, ta fice. Kafin la'asar labari ya zaga dangi: an auro mara kunya. Mijina ya shigo yana lallashi, wai in je in ba ta haƙuri a wuce wurin. Na ce zan gaishe ta, zan durƙusa mata kamar kullum, amma ba zan ce na yi laifi ba, don ban yi ba. Na ji zafin abin da aka ce a kaina, na yi kuka ma, amma ban yi da-na-sani ba.

Da suka watse na ɗauko ƙyallen Inna na goge kabad ɗin da kaina, ina tsayawa ina hutawa.

Har yau Goggo ba ta kirana da sunana, sai "mai kabad", ni kuma ina amsawa da ƙarfi. Yarinyar sunan Inna aka sa mata. Bara na shigo ɗaki na same ta tsaye gaban ƙofar kabad ɗin, tana kallon fuskarta, tana ta fama da ɗankwalin da ya fi kanta girma.